Ciwon da gwajin jini ba ya gani

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in yi magana kan ciwon da ya shekara shida yana cin yayata, ana cewa raki ne.

Wuya, kafaɗu, kwankwaso, ko'ina ciwo. Ta kwana tana barci, ta tashi kamar wadda ta wuni surfe. An auna jini, an ɗauki hoto, komai lafiya lau. Wasu suka ce sanyin ƙashi ne, gwaggonmu ta ce jifa ne, wanzami ya yi mata ƙaho har sau uku. Sai bara wani likitan gaɓɓai ya kira sunan abin: fibromayaljiya. Ya ce ba nama ko ƙashi ne suka lalace ba, ƙwaƙwalwa da laka ne ke zuzuta zafin, kamar rediyon da aka ƙure wa murya. Kuma ya fi kama mata.

Shi ya sa masana suka koma kan ƙwaƙwalwar. Akwai na'urar maganaɗisu, TMS, wadda Anthony Barker ya fito da ita a Sheffield ta Ingila a 1985. A kan kai ake ɗora ta, ba yanka ba allura. Akwai kuma tDCS, 'yar wutar lantarki da ake sakar wa kai na kimanin minti 20. Wasu kan samu sassauci, amma ba warkewa ba ce, kuma sai an riƙa maimaitawa. Jama'a a kula, wannan ba ita ce na'urar da 'yan talla ke yawo da ita a tasha suna cewa tana wanke jijiya ba.

Mu dai hannunmu bai kai can ba. Abin da ya tayar da Yaya tausa ce a sashen gashin ƙashi, a hankali. Ranar da wata maƙwabciya ta murje ta da man zafi don tausayi, kwana uku ba ta sauko daga gado ba. Sai tattaki bayan la'asar: ta fara da minti 10, yanzu tana yin 25. Ashe ko a shawarwarin ƙungiyar likitocin gaɓɓai ta Turai na 2017, motsa jiki aka fi ƙarfafawa. Tiramadol ɗin da mai kemis ya saba miƙa mata kuwa, likita ya janye ta daga kansa sannu a hankali.

Don Allah ku gayyato likita a shafinku na lafiya ya fayyace wannan ciwo da Hausa, ko mazaje irin mijin Yaya sa karanta.

Taku,
Wata malamar firamare,
Funtuwa