Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kamfanin Da Ya Yanke Mana Wasan Ƙarshe Na Tanis Na Mata 'Yan Bibbiyu

Zuwa ga shugabannin kamfani,

Bayan gaisuwa. Na so a ce maganar nan ta ƙare tsakanina da ku, amma amsar da ma'aikacinku ya ba ni ranar Juma'a, 2 ga Agusta 2024, ita ta sa na fito fili.

A ƙarshen watan Mayu na biya kuɗin wata uku, saboda tallanku ya ce za a ga duk wasannin manyan gasannin tanis, kowane fili, kai tsaye. Ni ba maganar wani ta ja ni ba, rubutunku na karanta.

Ranar Asabar, 13 ga Yuli 2024, kun nuna wasan ƙarshe na mata 'yan ɗaiɗai a gasar Wimbledon ta Landan, inda Barbora Krejcikova ta doke Jasmine Paolini. Kun nuna na maza 'yan bibbiyu har ƙarshensa, duk da jan lokacin da ya yi kafin Henry Patten da Harri Heliovaara su ɗauki kofi. Ni da 'ya'yana mata biyu muka daure, don abin da muke jira yana gaba: Katerina Siniakova da Taylor Townsend a gefe guda, Gabriela Dabrowski da Erin Routliffe a ɗaya gefen. Ana tsaka da turmin farko sai hoto ya ɗauke. Aka zuba mana talla. Da tallan ya ƙare, sai ga maimaicin wasan Krejcikova da muka riga muka kalla da rana! Can a Landan kuwa ana ta gwabzawa, turmi biyun duka sai da aka kai bugun raba gardama, 7-6 da 7-6. Kofin babbar gasa na farko ke nan a rayuwar Townsend, na tara ga Siniakova a wasan mata 'yan bibbiyu. Mu a waya muka ga sakamako, kamar waɗanda ba su biya ko sisi ba.

A daren na kira, ba a ɗauka ba. Cikin makon na sake kira, ban ma riƙe sau nawa ba. Na aika saƙo ranar 15 ga Yuli, na ƙara ranar 22, na'ura ce kawai ta amsa cewa ana duba lamarin. Ranar 2 ga Agusta na yi minti 41 ina jin kiɗanku kafin mutum ya ɗauka. Na yi masa bayani dalla-dalla. Ya ɗan yi dariya ya ce, "Hajiya, ai na ɗauka wata babbar matsala ce. Wannan na bibbiyun mata ai cike gurbi ne, ba mai kallonsa." Na ce to ni da ke magana da kai fa? Ya ce zai sa a yi mini ragin kashi 10 cikin ɗari idan na sake biya. Na nemi ya haɗa ni da na gaba da shi, layi ya mutu.

Cike gurbi? Venus da Serena Williams sun ci manyan kofuna 14 tare, ba su taɓa faɗuwa a wasan ƙarshe na babbar gasa ba. Martina Navratilova da Pam Shriver sun yi nasara sau 109 a jere tsakanin 1983 da 1985. Masu gasar Wimbledon kansu fam 650,000 suka ba Siniakova da Townsend, daidai da abin da suka ba mazan da kuka nuna har tafin ƙarshe. 'Ya'yana tare suke bugawa, kuma a irin wannan wasa suke koyon abin da na ɗaiɗai ba ya koyarwa: tsayuwa a bakin raga, alamar yatsa a bayan baya kafin a soma bugu, sanin lokacin da za ki tsallaka ki tare ƙwallon da ba taki ba. Ƙaramar ta tambaye ni ko laifi suka yi aka cire su. Me zan ce mata?

Kuma ba farau ba ne. A watan Yuni, da Coco Gauff da Siniakova suka ci gasar Faransa, ɗan guntun mintuna kuka sa. Na yi shiru a lokacin, na ce ƙila kuskure ne.

Ina son a mayar mini da kuɗin Yuli cikakke, ragin nan ku riƙe abinku. Ina son a saka cikakken wasan inda za mu iya kallonsa, a kuma ba ni haƙuri a rubuce, da sa hannun mutum. Amma ko kun yi duk wannan, akwai sauran magana. Ku ne kuke ɓoye wasan, ku yanke shi a tsakiya, sannan ku juyo ku ce ba shi da 'yan kallo. Ma'aikacin nan bai ƙirƙiro maganar da kansa ba, abin da yake ji a ofis ya maimaita. Idan haka kuka ɗauki wasan mata, ku goge kalmar "duk" daga tallanku, ku daina karɓar kuɗin mutane da ita.

Rajistata za ta ƙare a ƙarshen watan nan na Agusta. Ina jiran amsarku kafin lokacin.

Mai biyan kuɗinku,
Uwar 'yan wasa biyu