Malam Edita, ina sarƙoƙin sarauniyoyin nan suke shiga?

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aiki, Allah ya ƙara basira.

Na rubuto ne kan satar nan da aka yi a gidan tarihi na Louvre da ke Paris ranar 19 ga Oktoba 2025, wadda aka yi ta yayatawa ko'ina. Kowa ya tsaya kan kuɗi, wai kayan sun kai Yuro miliyan 88, da kuma yadda ɓarayin suka shiga ta taga da safe suka fice cikin 'yan mintuna har suka yar da kambin Sarauniya Eugénie a hanya. To duk wannan labari ne, amma ni abin da nake so ku bi mana shi ne tafiyar su kayan, domin kusan kowane ɗaya yana da tarihin da ya fi na satar daɗin ji, kuma akwai tsofaffin zane-zane da za ka ga masu su sanye da su.

Ɗauki ƙaramin kambin lu'ulu'un ita Eugénie ɗin, matar Napoleon na III, wanda yana cikin abin da aka kwashe, ba wanda suka yar ba. Yana nan a kanta a zanen da mai zane Winterhalter ya yi mata a 1853. Da sarauta ta faɗi, gwamnatin Faransa ta yi gwanjon yawancin kayan masarauta a 1887, kambin ya faɗa hannun gidan sarautar Thurn und Taxis a Jamus, ya yi shekara kusan ɗari a can, sai a 1992 aka sayo shi aka mayar Louvre. Wato an sha wahala kafin ya dawo gida, ga shi kuma ya sake fita.

Wanda ya fi burge ni, ko da yake ba ya cikin kayan Louvre, shi ne lu'ulu'un teku da ake kira La Peregrina, mai siffar ɗigon ruwa. A gaɓar Panama aka samo shi a ƙarni na 16, ya shiga taskar Sarki Philip na II na Sifaniya, sarauniyoyin ƙasar suka yi ta gadonsa, har za ka gan shi a zanen da aka yi musu suna kan doki a zamanin mai zane Velázquez. A 1813 Joseph Bonaparte da aka kore shi daga sarautar Sifaniya ya yi gaba da shi, daga baya ya shiga hannun Louis Napoleon, wato Napoleon na III, shi kuma ya sayar wa gidan Abercorn a Birtaniya, kai a taƙaice dai a 1969 Richard Burton ya saya wa matarsa Elizabeth Taylor a gwanjo kan dala 37,000, bayan rasuwarta aka sayar da sarƙar da yake jiki a 2011 kan sama da dala miliyan 11.

Amma a nan ne nake so ku yi hattara Malam Edita, saboda yanzu a intanet kowa ya zama masani, mutum zai jera tsohon zane da sabon hoto ya zagaye da jan layi ya ce ai ga shi nan shi ne. An daɗe ana cewa lu'ulu'un da ke rataye a ƙirjin Sarauniya Mary ta Ingila a zanen 1554 shi ne La Peregrina, littattafai suka yi ta maimaitawa, ashe wani ne daban mai kama da shi, sai da aka koma kan takardun taskar Sifaniya aka ga lokacin bai yi daidai ba. Kama da wane ba ta wane. Mai zane fa aiki yake yi wa sarki, yana iya ƙara wa dutse girma ko haske don a ji daɗi, shi ya sa masu bincike na gaske ba sa tsayawa kan zane kaɗai, sai sun duba rajistar kayan fada, da wasiyya, da takardar jingina, da littafin gwanjo, musamman ma nauyin dutsen.

Ko nauyin ma yana canjawa idan an sake yanka dutse, kuma gaskiya wannan ne ke ba ni tsoro game da kayan Louvre. Shuɗin daimon ɗin nan da ɗan kasuwa Tavernier ya kawo daga Indiya ya sayar wa Sarkin Faransa Louis na XIV a 1668, bayan an gyara shi ya kai kusan karat 69 (karat ma'aunin nauyin dutse ne). Aka sace shi a Satumban 1792 lokacin juyin juya halin Faransa, shiru kake ji, sai a 1812 wani shuɗin daimon ɗan karat 45 da 'yan kai ya ɓulla a Landan, shi ne Hope da ke gidan tarihi na Smithsonian a Washington tun 1958. An yi ta zargin su ɗaya ne amma ba hujja mai ƙarfi, sai a 2007 aka tsinci wani kwafin tsohon dutsen da aka zuba da darma a wani gidan tarihi a Paris, aka auna da kwamfuta aka ga Hope ya zauna daram a cikinsa. Kenan an zaftare sama da karat 20 don kawai a ɓatar da kama.

Wasu kuwa ko hakan ba a samu ba. Akwai abin ƙawa da ake kira 'Yan'uwa Uku, jajayen duwatsu uku kewaye da daimon, yana jikin rigar Sarauniyar Ingila Elizabeth ta I a zanen 1585, yana kuma kan hular James na I, amma da Charles na I ya shiga matsin kuɗi aka yi ta kai shi jingina, wajajen 1645 sawunsa ya ɓace har yau. Mai yiwuwa an ɓalle duwatsun an sayar ɗaya bayan ɗaya. Yawancin sauran kayan sarautar Ingila ma ai narkar da su ko sayar da su aka yi a 1649 bayan an kashe Charles na I.

Sannan ga na kwanan nan, daimon ɗin Florentine mai ruwan ɗorawa, karat 137, na gidan Habsburg na Ostiriya. Shekara ɗari ana ta ƙirƙirar labari, wasu su ce an sace, wasu su ce an yanka, sai a Nuwamban 2025 jikokin suka fito suka ce ai yana ajiye a wani banki a Kanada tun lokacin yaƙin duniya na biyu, Sarauniya Zita, matar sarkin Ostiriya na ƙarshe, ce ta kai shi ta ce a rufa asiri.

Don Allah ku ware mana fili ko sau ɗaya a wata, ku ɗauki zane ɗaya ku sa shi da girma yadda za a ga sarƙar sosai, sannan ku bi ta hannu zuwa hannu da shekaru, inda takarda ta ƙare ku ce nan ta ƙare kada a cike da jita-jita. Ina ba da shawarar a fara da sarƙar zumurrudun da Napoleon na I ya ba matarsa Marie-Louise a 1810, tunda ita ma tana cikin waɗanda aka kwashe.

Na gode, a gaida ma'aikata.

Naku, mai bibiyarku a kullum.