Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga mai horarwar da ya tambaye ni nawa aka biya ni in kare tuwo

Assalamu alaikum, ƙanena.

Na ga tambayar da ka jefo mini a Facebook bayan shirinmu na rediyo, na kuma ga yadda ka kama sunana don jama'a su taru. Ka ce tunda na san ciwon suga na cin mutane, da wane ido nake gaya musu su ci gaba da cin tuwo da shinkafa, kuma masu fulawa nawa suka biya ni. Ka ƙara da cewa duk mai son lafiya da jiki mai kyau sai ya yi sallama da kabohaidiret, wato abinci mai sitaci da siga, gaba ɗaya. Da ofishina ka zo da wannan tambaya, da na ba ka kujera mun zauna. Tunda a bainar jama'a ka yi ta, a nan zan ba ka amsa.

Maganar kuɗi ba za ta ɗauke ni lokaci ba. Babu kamfanin da ya taɓa ba ni ko sisin kwabo, kuma duk wanda ya saurari shirin ya ji ina cewa a rage biredi da taliya da lemon kwalba. Tsakanin ni da kai, mai abin sayarwa kai ne. A ƙarƙashin rubutun naka akwai tallan shayin rage tumbi da farashin tsarin abinci na wata-wata. Neman halal ba laifi ba ne, amma mai haja a hannu bai kamata ya zama na farko wajen zargin wani da karɓar kuɗi ba.

Abin da ya yi mini ciwo shi ne cewa ina cutar masu ciwon suga. Su ne aikina tun kana makaranta. Akwai wata dattijuwa da jikanta ya kawo mana, jikinta na ɓari, gumi ya jiƙa mata ɗankwali sharkaf, ana tambayar ta sunanta tana amsa wani abu daban. Tana shan wani maganin suga mai suna glibenclamide, sai aka nuna mata bidiyon wani irinka yana cewa tuwo guba ne. Ta daina tuwo da kunu, ta ci gaba da shan maganinta. Shi kuwa wannan magani yana sa jiki ya ƙara fitar da insulin, sinadarin da ke sauke sukarin jini, ko an ci abinci ko ba a ci ba, don haka sukarin jininta ya faɗi warwas. Allah ya sa da sauran kwana. Mai yi wa kansa allurar insulin ma haka abin yake, ko ya fi. Gaskiya ne rage abinci mai sitaci na taimakon wasu masu ciwon suga, ni ma ina sa wasu su rage, amma tare da likitan da zai daidaita magani da na'urar awon jini a gefe. Kai wa kake aunawa a cikin dubban da ke kallon ka?

Ka ce jiki ba ya buƙatar kabohaidiret. Ƙwaƙwalwar baligi kaɗai tana ƙona kusan giram 120 na gulukos, wato sukarin jini, a rana, shi ya sa masana abinci a Amurka suka sa giram 130 a matsayin abin da ya kamata mutum ya samu kullum. Jiki kuma yana ajiye wani a hanta da tsoka, ana ce masa gilaikojin, kuma kowane giram ɗaya na riƙe da ruwa kusan giram 3. Wannan shi ne asirin hotunan da kake sakawa na waɗanda suka zube cikin mako guda. Ajiyar ce ta ƙare, ruwan ya bi ta, sikeli ya sauka, kitse kuwa yawancinsa na nan. Ranar da suka koma cin abinci nauyin zai dawo, su ɗauka laifinsu ne, su sake sayen shayi.

An gwada wannan gardama tamu. A 2018 Farfesa Christopher Gardner na Jami'ar Stanford da abokan aikinsa sun fitar da sakamakon bincike a kan mutum 609: rabi suka rage cin maiƙo, rabi suka rage cin kabohaidiret, tsawon wata 12. Na farko sun zubar da kusan kilo 5, na biyu kusan kilo 6, bambancin da masu binciken suka ce bai taka kara ya karya ba. A shekarar dai, wani bincike da ya bi mutum sama da 15,000 a Amurka na kusan shekara 25 ya gano cewa waɗanda ke samun kashi 50 zuwa 55 cikin ɗari na kuzarinsu daga kabohaidiret su suka fi ƙarancin mutuwa, masu yi ƙasa sosai da masu wuce gona da iri duk haɗarinsu ya fi. Shi kansa tsarin keto da kake tallatawa kamar sabon abu, na barin kabohaidiret a koma cin maiƙo, a 1921 aka tsara shi a asibitin Mayo na Amurka don masu farfaɗiya.

Fannin motsa jiki naka ne, a nan ma na fi mamakin ka. Duk aikin ƙarfi mai sauri, gudu ne ko ɗaga ƙarfe ko turmin dambe, da gilaikojin tsoka ke yin sa. Masu dogon gudu na Kenya da duniya ke ji da su, abincinsu na kullum ugali ne, wato tuwon masara, kuma da aka auna abincin wasunsu an samu kusan kashi uku cikin huɗu na kuzarinsu daga kabohaidiret yake. Ka leƙa gona da damina ka ga wanda ya sha fura da hantsi yana huɗa har azahar, ka duba ko akwai tumbi a jikinsa.

Tuwon da kakanninmu suka ci ba shi ya canza mu ba, mu muka canza shi. Yanzu sai an surfe dawa da masara fes, an bushe dusar an zuba wa awaki, an kai inji an niƙo gari fari sol mai laushi. A cikin dusar nan harzar take, wadda ke sa abinci ya narke a hankali, sukari ya shiga jini sannu-sannu. Ga malmala uku da miya cokali biyu. Ga shayi da safe da siga cokali huɗu da rabin biredi, ga lemon kwalba da rana, wanda ƙarama ɗaya ke ɗauke da siga sama da giram 30, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya fi kyau baligi ya tsaya wajen giram 25 a rana. Sannan mutum ya wuni zaune a shago, ko masallacin unguwa sai a kan babur. A 2023 hukumar ta ce a nemi kabohaidiret daga hatsin da ba a surfe ba da wake da ganye da 'ya'yan itace, a samu harza giram 25 kullum. Abin da na faɗa a rediyo ke nan: gero da dawa da acha da dusarsu, wake da gurjiya, zogale da rama da kuɓewa su cika rabin kwano, malmala ɗaya, a kuma taka da ƙafa.

Akwai abin da ya fi wannan damu na. Kun sa talaka yana jin kunyar abincin gidansu. Magidanci mai 'ya'ya bakwai, da ƙyar yake auno kwanon masara, ka ce masa lafiya sai da nama da ƙwai da man zaitun kullum. Ko dai ya fid da rai da lafiya gaba ɗaya, ko ya ɗauki kuɗin cefane ya sayi shayinku. Kowa ya samu waya da faffaɗan ƙirji ya zama likita, babu mai tambayar sa ina ya yi karatu, mu kuma da ke karɓar waɗanda abin ya kayar mu ake zagi da cin kuɗi.

Zargin da ka yi mini na bar ka da Allah. Abu ɗaya nake nema. Ka sauke bidiyon da ka ce masu ciwon suga su daina tuwo nan take, ka kuma gaya wa mabiyanka da bakinka cewa duk mai shan maganin suga ko mai allura kada ya taɓa abincinsa sai ya ga likitansa. In kana da binciken da ya saɓa wa waɗanda na kawo, ka faɗi wanda ya yi shi da shekarar da aka yi, zan karanta in amsa maka a nan.

Wassalam,
Yayarka, ma'aikaciyar sashen abinci na asibiti.