Zuwa ga mutumina a Istanbul

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya karatu, ya sanyin garin? Wata huɗu ban ce maka uffan ba, ka yi haƙuri. Bari in sauke abin da ya tsaya mini a rai.

Littafin da ka bari a kwalinka, Iliyad na Homa, mawaƙin nan na tsohuwar Girka, shekaranjiya da dare na kai ƙarshensa. Kai da ka saya na tabbata ko shafi goma ba ka wuce ba, yadda ka yi wa nahawu a aji uku. Na zaci labarin dokin katakon da Girkawa suka ɓuya a ciki suka shiga birnin Turoi zan tarar, ashe babu shi a ciki, haka ma kibiyar da aka ce ta sami jaruminsu Akilis a diddige. Waƙa ce kashi 24, ɗango sama da 15,000, kusan duk a kan fushin mutum ɗaya, Akilis.

A shekara ta goma da Girkawa suka yi suna yaƙar birnin Turoi, shugabansu Agamemnon ya ƙwace masa Birisiyis, matar da ya samu a ganima, a bainar jama'a. Sai ya yi zuciya ya koma tantinsa. Ana ta karkashe mutanensu, shi ko gezau. Aka turo manya uku da alkawarin dukiya su ba shi baki, har da tsohon da ya rene shi, ya ƙeƙasa ƙasa. Sai da Hekta, babban jarumin Turoi, ya kashe amininsa Faturokulus, wanda ya fita sanye da sulken Akilis ɗin, sannan idonsa ya buɗe. A nan na rufe littafin na fita tsakar gida, don Yaya ne ya faɗo mini. Shekara biyu ke nan ba ma ga maciji tun rabon gonar, kuma ka san sau nawa Kawu ya tako da ƙafarsa.

Af, Kawu ya aurar da autarsa watan jiya. Mutuminka mai babur ya zo cikin babbar riga, har yau ana dariyar yadda ta shige cikin taya. Goggo kuma ta ce in tambaye ka ko sai ka yi furfura za ka kawo mata suruka.

To, Akilis ya san ajalinsa. Mahaifiyarsa ta gaya masa in ya kashe Hekta, shi ma tasa ta zo. Da ya so, da ya koma gida ya tsufa ba suna, amma ya fita. Jarumta ce, ban musa ba. Sai dai ka ga inda fushi ya kai shi: ya ɗaure gawar Hekta a bayan keken doki yana ja kwana da kwanaki, ya yanka samarin Turoi 12 a wurin ƙona gawar amininsa, duk da haka barci ya gagare shi.

Sai tsoho Firiyam, sarkin Turoi kuma mahaifin Hekta, ya shigo tantinsa da dare don roƙon gawar ɗansa, ya durƙusa, ya sumbaci hannun da ya kashe masa 'ya'ya, ya roƙe shi ya tuna nasa uban. Suka haɗu suna kuka, kowa da wanda yake yi wa. Akilis ya sa aka wanke gawar, ya ɗora ta da hannunsa, suka ci abinci tare. Wallahi a wurina wannan daren ya fi duk kisan da ya yi wuya. Baba ma yana da rai, yana kallonmu ni da Yaya, ga hawan jini.

Juma'a bayan masallaci zan je gidan Yaya. Ka sa ni a addu'a, don har yanzu ban san da wace kalma zan fara ba.

In ka samu hutu ka je Hisarlik, kusa da Canakkale, can kufan Turoi yake. Ka ɗauko mini hoton ganuwar, ban da naka a tsaye kana gyaran hula. Su Inna na gaishe ka.

Naka har kullum.