Kafin ka ɗora sola a rufin mota, fara lissafa wutar da kake ci da dare

Malam Edita, assalamu alaikum.

Daga Aboabo a nan Kumasi nake rubuto maka, kuma yanzu haka a cikin mota nake zaune ina danna wayar nan, don motar ita ce ɗakina kusan shekara biyu ke nan. Tsohuwar Sprinter ce, da ita nake jigilar kaya Kumasi zuwa Tamale, wani lokacin har Bolga da Bawku, iyali kuma suna gida arewa. Da hayata ta ƙare mai gida ya ce sai adbans na shekara biyu, alhali dokar haya ta Ghana ta 1963 wata shida ta ce iyaka, amma wa zai tsaya maka? Sai na yanke lungu a bayan kujerar direba na buga katako na shimfiɗa katifa. Yanzu samari direbobi da yawa sun fara haka, kuma duk wanda ya hango sola a rufin motata tambayarsa ɗaya ce, Maigida wat nawa zan saya? Wannan tambayar ce ta cinye min kuɗi, shi ya sa na ce bari in rubuto.

Farantin sola da na fara saya an liƙa masa takarda a baya wai wat 300, ga araha, na haɗa shi kai tsaye da batir ɗin mota na kwanta ina jin daɗi. Dare na uku a tashar Techiman, wajen ƙarfe biyu fanka ta fara juyawa a hankali a hankali har ta tsaya cak, zufa ta jiƙa katifa, na buɗe gilas sauro ya shigo, da asuba na murɗa ki mota ta ce ƙyas ƙyas ta yi shiru, ga kayan mutane a baya, sai da yaran tasha suka tura ni. Da na dawo Magazin, unguwar makanikai a Suame, wani dattijo mai wayarin bai ce komai ba, tef kawai ya ɗauko ya auna farantin, mita ɗaya a tsawo, faɗi bai kai santimita 70 ba. Ya ce ɗana, faranti mai kyau wajen wat 200 yake bayarwa a duk murabba'in mita, naka ko wat 140 da ƙyar, na wat 300 na gaskiya sai ya kai kusan mita 1.6 da faɗin mita ɗaya. Araha ba ta ado, wallahi tun ranar ba na zuwa shagon sola ba tef a aljihu.

Abin da ya koya min shi ne daga dare ake farawa. Ka zauna da biro ka rubuta duk abin da za ka kunna, wat ɗinsa sau awannin da zai yi. Ni fankata mai aiki da batir wat 20 ce, awa 10 ta zama wat-awa 200, ƙwan fitila biyu 50, cajin waya biyu kamar 40, sai ɗan ƙaramin firij da nake sa ruwa da ragowar waakye, shi ne mai cin, a zafin nan yakan sha wajen 450 a yini. Duka kusan 750 ke nan. Wannan lambar ita za ta zaɓa maka batir, batir kuma ya zaɓa maka faranti.

To maganar batir nan ne mutanenmu suka fi faɗawa rami. Batir ɗin tada mota an yi shi ne ya ba da wuta mai ƙarfi na daƙiƙa kaɗan, in kana tsotse shi duk dare wata kaɗan zai mutu, kuma ko na sola mai ruwa ko jel ɗin nan, in an rubuta 100Ah a bolt 12 lissafi ya ba ka wat-awa 1200 amma rabi kawai ya kamata ka taɓa, 600 ke nan, bai ma kai min gari ya waye ba, ga nauyi kusan kilo 30, ga mai ruwan yana fitar da iskar haidurojin lokacin caji, kai kuma kanka na kusa da shi kana barci gilas a rufe. Dan Allah kar kowa ya yi wannan. Na daure na tara kuɗi wata biyar na sayi litiyom irin wanda ake rubuta wa LiFePO4, shi ma 100Ah, yana riƙe 1280 kuma za ka iya shan kashi 80 zuwa 90 ba ya damuwa, nauyinsa wajen kilo 12, za ka caje shi sau dubbai inda na ruwa ke ƙarewa a ɗaruruwa. Tsadarsa tana da zafi ranar biya, ban ɓoye ba.

Faranti kuma kar ka lissafa da rana awa 12. A Kumasi rana mai ƙarfin gaske awa huɗu ce ko da ɗan ɗori, a Yuli da Agusta ma gajimare sai ya wuni bai ɗaga ba, arewa ta fi mu rana amma can kuma hunturu ne da ƙura, in ban goge farantin da jiƙaƙƙen tsumma da safe ba ina ganin caji ya ragu a idona. Kuma wat ɗin da suke rubutawa a zafin digiri 25 aka gwada, rufin mota da azahar ko hannu ba ka iya ɗorawa, shi ya sa mai waldan ya ɗaga min shi yatsa uku daga rufi iska na bi ta ƙasa. Wat 300 na gaskiya na sa, da kwanturola, wato na'urar da ke daidaita caji tsakanin faranti da batir, irin MPPT, don irin PWM mai arahar nan yana zubar da wuta in farantin babba ne. Abin da har yau yake damuna shi ne inuwa, jikinka na son gindin darbejiya, faranti na son tsakiyar rana, reshe ɗaya ya rufe gefensa sai caji ya faɗi. Maganin da na samu shi ne ƙaramar caja da ke ɗebo wuta daga altaneta in ina tafiya, kafin in kai Kintampo batir ya ɗauko sosai.

Inbata, mai mayar da wutar batir irin ta gida, ban damu da ita ba, komai nawa na bolt 12 ne, ita kanta tana cin wuta ko ba ka jona komai ba. Amma fiyus, jama'a, fiyus a bakin batir da waya mai kauri, na ga motar wani ƙanena da siririyar waya ta narke a ƙarƙashin katifarsa, Allah ne ya sa yana farke ya ji ƙauri.

Roƙona gare ku Malam Edita, ku nemo mai wayarin da ke da takardar shaidar Hukumar Makamashi ta Ghana ya riƙa bayani da Hausa a jaridarku ko sau ɗaya a wata, musamman yadda za a gane batir ɗin litiyom na jabu, don shi tef ba ya auna shi, kuma yaranmu na Aboabo da Asawase da Sabon Zongo sun fara saye.

Naku,
Wani direba, Aboabo, Kumasi