A fara da malamin kafin a sayo kwamfuta

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana kan yaƙi da jahilci, tunda 8 ga Satumba, ranar yaƙi da jahilci ta duniya, ta zo ta wuce, an sha jawabai, kowa ya kama gabansa.

Ni tsohon malamin firamare ne. Tun da na yi ritaya nake koyar da manya a zauren wani bawan Allah a unguwarmu, maza bayan isha'i, mata kuma Asabar da Lahadi da hantsi. Ajin bai cika ba sai a farkon 2023, lokacin canjin kuɗi. Mahauci da mai kayan miya da mai awara duk suka wayi gari ciniki ya koma tiransifa, alat zai shigo, sai mutum ya nemi yaro ya duba masa. Wani mai shayi ya ce mini sau uku ana nuna masa alat na bogi yana gyaɗa kai, don bai iya bambance 2,000 da 200 a rubuce ba. Abin da ya kawo shi aji ke nan.

Bara wata ƙungiya ta kawo mana kwamfutocin hannu guda goma. An zo da motoci, an ɗauki hotuna, an ba mu horo na yini guda, rabinsa ya tafi a jiran babban baƙo. Darussan ciki da Turanci suke, ɗalibaina kuwa ko baƙi da wasalin Hausa ba su gama haɗawa ba. Wuta ba ta zuwa, ba a haɗo mana da sola ba, sai in kwasa in kai shagon mai caji in biya daga aljihuna. Da biyu suka lalace, na kira lambar da aka ba mu, ba ta shiga. Yanzu suna cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadona, ina gadinsu kamar lefen wani.

Kada a ce ina gaba da na'ura. Wayar da ke aljihun ɗalibi ita ce allon da ya fi yi mini aiki. Da ita muke koyon lambobi, da ita suke rubuta sunayen 'ya'yansu, masu babbar waya kuma ina tura musu karatu da murya ta WhatsApp. To amma ni na laluɓo wannan da kaina, babu wanda ya koya mini.

Nan ne ɗaurin yake. Koyar da dattijo mai jikoki daban yake da koyar da ɗan aji ɗaya. In ka gyara masa kuskure a gaban ƙanensa, gobe ba za ka gan shi ba. Na shekara talatin da alli a hannu, amma sai da na kori mutum biyar da bakina, ba da niyya ba, kafin na gane haka. Ga alawus da bai kai kuɗin man babur ba, kuma sai ya yi wata huɗu bai zo ba. Mu malamai huɗu muka fara, biyu sun koma tuƙa adaidaita.

Iyayenmu sun san kan abin. Hukumar adabi ta Arewa, NORLA, da aka kafa a Zariya a 1954 ƙananan littattafai ta yi ta bugawa da Hausa, masu arha, don wanda ya koyi karatu ya sami abin karantawa. A 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya a Kano, har ta ci lambar yabo ta UNESCO. Tarayya ma tana da tata tun 1990. Dokar UBE ta 2004 da ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don ilimin tushe ta lissafa ilimin manya a ciki. Ina roƙon 'yan majalisarmu su tambaya nawa ne ke isowa zaure irin namu.

In za a kashe kuɗi, a fara da horar da malami na makonni, a riƙa dawowa ana duba shi, a biya shi a kan kari, a rubuta darussa da Hausa. Masu kwamfutocin nan kuma, in suna karanta wannan jarida, su zo da sola da mai gyara, ko su zo su kwashe kayansu, matata tana son akwatinta.

Wassalam.

Naku,
Malamin ajin dare, Zariya