Albashin malamin firamare: wa za mu riƙe idan ba a biya ba?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida in yi magana a kan yajin aikin malaman firamare na Babban Birnin Tarayya, wanda aka fara ranar 24 ga Maris, 2025, ba a janye shi ba sai a watan Yuli. Na san an koma aji, hankalin jama'a kuma ya tafi wani wuri. Dalilin da ya sa nake son a yi maganar yanzu ke nan, domin abin da ya haddasa yajin yana nan yadda yake, ba a taɓa shi ba.

Ni tsohon malamin firamare ne, na yi ritaya, kuma jikokina makarantar gwamnati suke zuwa. Abin ya shafe ni ta ɓangarori biyu: na san halin malamin da wata ya ƙare ba a biya shi ba, na kuma ga abin da zaman gida ke yi wa yaro.

Me malaman nan suka nema? A watan Yulin 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar da ta mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. Ma'aikatan da ke ƙarƙashin hukumar gudanar da birnin sun fara karɓa. Su kuwa malaman firamare, da yake albashinsu yana hannun ƙananan hukumomin nan shida, wato Abaji, Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da ta birni da kewaye, sai aka bar su a kan tsohon lissafi, ga kuma bashin wasu alawus-alawus da suka daɗe suna bi. Ba wani sabon ƙari suka ƙirƙiro suka ce a ba su ba. Abin da doka ta riga ta ba su ne suka ce a biya. Sun yi gargaɗi, sun yi gajerun yajin aiki, an zauna an yi alkawari, an tashi ba a cika ba, sannan tura ta kai bango suka rufe makarantu.

Duk wanda zai ce malamai sun cika son kuɗi, ya fara zuwa kasuwa tukuna. Kafin a cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023, litar fetur ba ta kai naira 200 ba. Zuwa ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000 a Abuja. A lokacin nan buhun shinkafa ɗaya ya fi ƙarfin sabon albashin gaba ɗaya, balle tsohon na naira 30,000 da aka yanka tun 2019. Malamai da yawa ba su iya kama haya kusa da inda suke koyarwa, daga Suleja ko Mararaba ko Zuba suke shigowa kowace safiya, kuɗin mota kaɗai ya cinye kaso mai tsoka. Mutumin da ke wannan hali ne muke miƙa wa yara sittin ko fiye a aji ɗaya, mu ce ya koya musu karatu da lissafi da tarbiyya, ya kuma yi hakan da fara'a.

Fiye da wata uku makarantun suna rufe, wato zangon karatu na uku kusan duka ya tafi. Wannan shi ne zangon da 'yan aji shida ke shirin jarrabawar shiga sakandare, shi ne kuma zangon da ake duba yaro a ga ko zai wuce aji na gaba. Wanda bai taɓa riƙe alli ba zai ɗauka cewa yaro kan tsaya ne a inda aka bar shi, a dawo a ɗora. Ba haka ba ne. Ɗan aji biyu da ya fara haɗa baƙi da wasali, idan ya yi wata uku bai ga allo ba, baya yake komawa, sai an sake masa daga farko. Akwai kuma waɗanda ba su dawowa sam. Yarinyar da aka ɗora wa talla, uwa ta ga ana samun na cefane, da wuya a sake sauke mata farantin. Yaron da aka kai garejin bakanike ko gona, shi ke nan ya kama. A ƙasar da hukumar UNICEF ta daɗe tana cewa yara sama da miliyan 10 ba su zuwa makaranta, mun ɗauki waɗanda suke zuwa mun tura su titi, a tsakiyar babban birnin ƙasa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne shirun da aka yi. Da a ce gidajen mai aka rufe na kwana uku, ko filin jirgin sama na yini ɗaya, da an kira taron gaggawa cikin dare. Amma firamaren gwamnati ba ta da ɗan minista, ba ta da ɗan sanata, kai da wuya ka sami ɗan kansila ma a ciki. 'Ya'yan masu gadi ne, da direbobi, da masu sayar da kayan miya, da manoman ƙauyukan Kwali da Abaji. A watan Yuni, ana tsaka da wannan yaji, aka yi bikin buɗe babban ɗakin taro na ƙasa da ƙasa da aka gyara a kan kuɗin da aka ce ya kai naira biliyan 39. Ba na adawa da gyaran gini. Amma ranar da ake yanka kirtani a can, azuzuwan yara a kulle suke, kuma waɗanda ke tafawa sun sani.

Ministan Abuja, Nyesom Wike, ya sha faɗin cewa biyan malaman firamare ba aikinsa ba ne, na shugabannin ƙananan hukumomi ne. Ta fuskar tsari gaskiya ya faɗa, kuma a ƙarshe shi ne ya sa baki, aka amince a riƙe kason kashi 10 cikin 100 da ake ba ƙananan hukumomin daga kuɗin shigar cikin gida na birnin, na wata shida, a rage bashin malamai da shi. Wannan ne ya sa ƙungiyar malamai ta NUT ta janye yajin. Tambayata ita ce, tunda akwai wannan hanya, me ya hana a bi ta tun a watan Afrilu? Kuɗin da aka samu a Yuli ai ba daga sama suka faɗo ba.

A nan ne, Malam Edita, nake son masu karatu su tsaya su duba da kyau, domin matsalar ta girmi Abuja, ta kuma girmi mutum ɗaya. Mun ɗauki albashin malamin da ke aza tubalin ilimin kowa, mun ajiye shi a matakin gwamnati mafi rauni, wanda ba shi da cikakken iko da kuɗinsa, ba kuma wanda ke bin diddigin yadda yake kashe su. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 cewa ya yi ƙaramar hukuma ta taka rawa wajen samar da ilimin firamare, bai ce ita kaɗai za ta ɗauki nauyin ba. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, wato UBEC, tana samun kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, amma wannan kuɗi na gina azuzuwa ne da sayen kayan aiki da horar da malamai, ba na albashi ba. Saboda haka ranar da aka kasa biya, tarayya ta ce ba ruwanta, jiha ko minista ya nuna shugaban ƙaramar hukuma, shi kuma ya ce abin da ya iso hannunsa daga asusun haɗin gwiwa, inda ake zuba kason ƙananan hukumomi kafin a raba musu, bai isa ba. Malami ya rasa ƙofar da zai ƙwanƙwasa, sai ya rufe ta ajinsa, domin ita kaɗai ce a hannunsa.

Mu da muka daɗe a aikin mun ga wannan tun da. A 1988 gwamnatin Babangida ta kafa hukumar kula da ilimin firamare ta ƙasa, albashi ya daidaita. A 1991 aka rushe ta aka mayar da nauyin ga ƙananan hukumomi, nan da nan malamai suka shiga yin watanni ba a biya su ba, har dole ta sa aka sake kafa hukumar a 1993, aka koma cire kuɗin malamai tun daga tushe kafin rabon ya isa ƙaramar hukuma. Wannan tsari ma yana da nasa aibin, ba zan ɓoye ba: wasu ƙananan hukumomi masu makarantu da yawa, bayan an cire albashin malamai, a tutar babu suke tashi, ba na gyaran rijiya ba na magani. Amma malami dai yana samun haƙƙinsa a kan lokaci, yara kuma suna aji. Daga baya, a 2002, Kotun Ƙoli ta hana a riƙa cire irin wannan kuɗi daga asusun tarayya, al'amarin ya koma hannun jihohi da asusun haɗin gwiwa.

Sai kuma ga hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024, wanda ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Ina cikin waɗanda suka yi murna da shi, domin mun ga yadda gwamnoni suka mai da asusun haɗin gwiwa. Sai dai ƙungiyar NUT ta daɗe tana faɗin cewa a ba ƙananan hukumomi 'yanci, amma kada a bar albashin malaman firamare a aljihun shugabanninsu. A da wasu na ganin son kai ne. Abin da ya faru a Abuja ya nuna tsoron nasu yana da tushe. Idan a gaban fadar shugaban ƙasa da majalisa da dukan 'yan jarida za a iya rufe firamare wata uku, me zai faru a ƙaramar hukumar da ke can lungu, inda ba wakilin jarida ko ɗaya?

Alkawari kuwa malamai sun sha shi. A 2008 an yi yajin aiki na ƙasa baki ɗaya, gwamnoni suka amince da ƙarin kashi 27.5 cikin 100 na musamman ga malamai, sannan aka shafe shekaru ana jan ƙafa a jihohi da dama kafin a biya. A Ranar Malamai ta Duniya ta 2020 Shugaba Buhari ya yi alkawarin tsarin albashi na musamman ga malamai, da ƙarin shekarun aiki zuwa 40 ko shekarun haihuwa 65. Ƙarin shekarun ya zama doka a 2022. Albashin na musamman kuwa har yanzu malamin firamare bai gan shi ba. An ƙara masa shekarun wahala, ba a ƙara masa abin da zai riƙe kansa a cikinsu ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ina da magana ga ƙungiyarmu ita ma, a matsayina na wanda ya daɗe ana cire masa kuɗin ƙungiya duk wata. Yajin aiki haƙƙi ne, ban kuma ga abin da malaman Abuja za su yi ba bayan duk alkawuran da aka saɓa. Amma bai kamata a janye yaji ba tare da an rubuta yadda za a rama wa yara karatun da suka rasa ba. Wannan ya zama sharaɗi a cikin yarjejeniya, kamar yadda ake rubuta kason bashi da ranar biya. Haka kuma ƙungiya ta riƙa fito da takardun yarjejeniyar fili, iyaye su gani, su san wa ya sa hannu, wa ya saɓa. Sannan ta daina kare malamin da ba ya zuwa aji, ta kuma taimaka a tsame sunayen bogi daga takardar albashi, domin da su ake kafa hujja a ce kuɗi ba su isa ba. Iyaye za su tsaya bayan malami idan sun ga shi ma ya tsaya wa 'ya'yansu.

Mu iyaye da kakanni kuma, muna da kwamitocin iyaye da malamai, muna da na kula da makarantu, muna da limamai da fastoci da masu unguwanni. Kaɗan ne suka fito suka yi magana. Shugaban ƙaramar hukuma da kansila da ƙuri'armu suke hawa, kuma su ne 'yan siyasar da suka fi kusa da mu, mun san gidajensu. Duk wanda ya zo neman ƙuri'a a tambaye shi a gaban jama'a nawa yake biyan malamin firamare, kuma a wace rana ta wata.

Abin da nake roƙo shi ne majalisar tarayya ta yi doka a fili: albashin malaman firamare ya zama abu na farko da za a ware daga rabon wata-wata, tarayya da jiha da ƙaramar hukuma kowa da kasonsa a rubuce don kada nauyin ya danne ƙaramar hukuma ita kaɗai, a tura shi kai tsaye zuwa asusun bankin malami, a kuma ambaci jami'in da zai amsa tambaya idan an wuce ƙarshen wata ba a biya ba. Idan hakan na buƙatar gyaran tsarin mulki, a gyara, ai an sha gyara shi a kan abubuwan da ba su kai wannan ba.

Kai kuma, Malam Edita, ina roƙon jaridarka kada ta jira sai an sake rufe makarantu. Ka tura wakilanka sakatariyoyin ilimi na ƙananan hukumomin Abuja shida da na jihohin da kuke da wakilai, su tambayo nawa ke shigowa duk wata, nawa ne jimillar albashin malamai, nawa aka biya daga bashin da aka yi alkawari a watan Yulin 2025, nawa kuma ya rage. Ku buga mana alƙaluman da Hausa, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma.

Na gode da wannan dama. Allah Ya ƙara basira.

Naka,
Tsohon malamin firamare,
daga Abuja.